Kabarin Davou Na Haya Ne

Malam Dramani ne ya fara gaya mini cewa a Jamus kabari ma haya ake ba da shi, kuma ranar saura kaɗan in watsa masa shayin da ke hannuna.

Muna zaune ne a ofishin kamfanin tasin da nake yi wa tuƙi a Old Trafford. Sunana Alfred, direba ne ni, shi kuwa shi ke raba mana aiki a kan kwamfuta. Dattijo ne ɗan Ghana, haihuwar Zangon Kumasi, ya daɗe yana aikin masana'anta a Jamus kafin ya kwaso iyalinsa zuwa Manchester. Shi Musulmi, ni ɗan coci daga Bukuru, amma Hausa ta haɗa mu, kuma babu wanda ya iya tsokanata kamarsa. Shi ya sa na ɗauka wasa yake yi.

Labarin yayana Davou nake ba shi. Davou ya tafi Jamus neman aiki ina makarantar sakandare. Bai daɗe sosai ba ciwon huhu ya kama shi a lokacin sanyi, ya mutu a wani ƙaramin birni da har yau harshena bai iya juya sunansa ba. Kafin labari ya iso Bukuru, hukumar garin ta riga ta binne shi, don ba su san kowa nasa ba. Mahaifiyarmu, Ngo Rhoda, ba ta ga gawa ba, ba ta ga kabari ba. Yanzu tana Erdington a Birmingham wurin ƙanwata Chundung, wadda ke aikin nas. Tun da ta zo ƙasar nan maganarta ɗaya ce: "Yaushe za ku kai ni wurin Davou?" Mu kuwa kullum sai mu ce, "Mama, bari mu samu holiday, bari a sabunta fasfonki." Ba mugunta ba ce. A wurinmu, inda aka kwantar da mutum nan ne gidansa har tashin matattu. Ina kabari zai je?

"Shekara nawa ke nan da rasuwarsa?" in ji Malam Dramani.

Na ce, "Ashirin da biyar za ta cika bana."

Sai ya ajiye cokalinsa. "Alfred, ba wasa nake maka ba. Can kowane gari yana da adadin shekarun da yake ba mamaci. Idan suka cika, a cire dutsen, a baje wurin, a ba wani. Wanda dangi suka zaɓa masa wuri, ana iya ƙara masa lokaci. Amma wanda gari ya binne a layi, irin yayanka, yawanci ba ƙari."

"Haba Malam! Mutum ne ko flat?"

Bai yi dariya ba. Ya nemo lambar maƙabartar garin, ya kira su da Jamusancinsa na masana'anta, ni ina tsaye a kansa kamar mai jiran sakamakon asibiti. Ina jin ya ambaci sunan Davou, aka yi shiru, aka dawo. Da ya ajiye waya ya ce layin da Davou yake za a baje shi da zarar sanyi ya wuce, wajen watan Maris. Sun kafa allon sanarwa a wurin tun bara, amma wa zai gani? A lokacin muna tsakiyar Janairu, fasfon Mama ya ƙare, ga kuma neman biza bayansa. Ko da gudu muka yi, ba za ta isa kafin Maris ba.

Ni da Chundung muka yanke cewa kada Mama ta ji. GP, wato likitanta, ya riga ya ja mana kunne kan hawan jininta. Na ce wa Chundung ta bar mini, zan gyara.

Yadda na san ana gyara abu shi ne a nemi babba. A gida, idan ƙaramar hukuma ta taurare maka, ba ka ɓata yawunka a sakatariya. Ka nemi wanda ya san wani a gidan gwamnati, a buga waya ɗaya, ciyaman da kansa zai fito yana gyara hula. To haka na yi. Na kira ofishin jakadancin Jamus, suka ce mini cikin ladabi wannan maganar gari ce, ba tasu ba. Na je wurin ɗan majalisar unguwarmu, ya tausaya mini, ya ce hannunsa bai kai can ba. Har wani fasto na bi a Salford don an ce yana da aboki a Berlin. Duk inda na ƙwanƙwasa, amsar ɗaya: sai garin. Ni kuwa haushi ya ishe ni. Wane irin ƙaramin gari ne da babu wanda ke taka masa burki?

Wata safiya a farkon Fabrairu, ina wanke mota, Malam Dramani ya leƙo ta taga ya kira ni.

"Bar wankin nan. Akwai booking, Manchester zuwa Birmingham. An soke jirgin ƙasa. Wata mata ce daga Jamus, ta zo taron councils, na ƙananan hukumomi, kuma ka ga sunan inda take aiki?" Ya juyo mini da kwamfutar. "Ƙungiyar biranen Jamus. Duk manyan garuruwansu suna ciki. Na hana kowa, kai za ka ɗauke ta."

Na rungume shi har hularsa ta faɗi. Na ce ga babbar da nake nema Allah ya kawo ta har cikin motata.

Sunanta Madam Birgit. Doguwa ce, gashinta ya fara fari, tana jan ƙaramar jaka, takalminta irin na masu yawo a daji. Ban ga alamar girma a jikinta ba, amma na ce Turawa haka suke ɓoye abinsu. Na buɗe mata ƙofa, na rusuna, na kira ta "Honourable" har sau biyu, ta ce in kira ta Birgit kawai. Na haƙura har muka hau babban titin M6, muka wuce Knutsford, sannan na rage rediyo na zayyana mata komai. Ta rufe kwamfutarta ta saurara, ba ta katse ni ba.

Na ƙarasa da cewa, "Madam, abu ɗaya nake roƙo. Ki kira su, ki ba su umarni kada su taɓa kabarin."

Ta ce, "Na ji zafin abin, Alfred. Amma ba zan iya ba su umarni ba."

"To oganki fa?"

"Shi ma ba zai iya ba."

"Minista?"

"Ko minista. Maƙabarta ta gari ce, dokarta majalisar garin ce ta yi ta."

Nan fa kaina ya ɗau zafi. Ni dama ba a san ni da haɗiye magana ba. Na ce, "To meye amfaninku? Ƙungiyar birane guda, an biya miki jirgi har Ingila, amma ba za ki iya ce wa ƙaramin gari ya dakata ba? Shan shayi kawai kuke haɗuwa ku yi?" Ina faɗa ina dukan sitiyari, har wata babbar mota ta danna mini ham.

Ba ta ji haushi ba. Ta ce in dubi hanya tukuna, tana son ta isa Birmingham da ranta. Sannan ta ce, "Ba mu ne a saman birane ba. Su suka kafa mu, su ke aikenmu. Idan gwamnati a Berlin za ta yi dokar da za ta danne su, mu ke zuwa mu yi musu faɗa. Rabin aikina shi ne hana manya buga irin wayar da kake so in buga. Idan na kira garin nan na ce ga umarni, za su kashe wayar, kuma ni zan ce sun yi daidai."

Na yi tsaki a raina. Na ce wato na ɗauko mai gadin ƙofar da nake son a fasa mini.

Muka yi tafiya mai nisa. Wajen Stafford na ji ta tana waya da Jamusanci, ta kira wannan, ta kira wancan, tana dariya da wani, tana rubutu a bayan hannunta. Da ta gama ta ce, "Umarni ba ni da shi, amma na san mutane. Mai kula da maƙabartun garin sunansa Reinhard. Ya yarda ya yi magana da iyalinku gobe da rana, ta bidiyo. Tarona zai tashi kafin nan, zan zo in zauna da ku in kuna so. Amma ku za ku yi maganar, ba ni ba. Kuma ina ganin mahaifiyarka ya kamata ya gani."

Kunya ta kama ni. Na ce na gode da ƙaramar murya, ta ce ba komai, ta ji wanda ya fi wannan a taron magadan gari.

Na sauke ta a tsakiyar Birmingham na wuce Erdington. Chundung tana gida, ta dawo daga shift. Muka yi ta tura wa juna a kicin, kai ka faɗa, ke ki faɗa, har Mama ta ɗaga murya daga falo: "Ku biyun nan, me kuke dafawa da ba ya ƙamshi?"

Na durƙusa gabanta na gaya mata. Na shirya za ta yi kuka, Chundung ma ta ɗauko na'urar awon jini ta riƙe. Mama ta kalli hannuwanta. Can ta ce, "Wa ya haƙa?"

"Na'am, Mama?"

"Kabarin. Wa ya haƙa shi? Wa ya wanke Davou? Wa ya ba da ƙasar?"

Na ce, "Ma'aikatan garin ne, Mama. Aikinsu ne."

"An je an gode musu?"

Ni da Chundung muka kalli juna. A wurinmu, bayan an yi jana'iza, dangi sukan bi gida gida su yi wa mutane ban gajiya. Masu haƙa su ne na farko, a kai musu abinci, a gode. Wanda ya ba da ƙasa kuwa ya zama ɗan'uwa. Duk mun san wannan. Amma ko sau ɗaya bai taɓa zuwa mana a rai ba cewa Turawan da ba mu sani ba suna cikin lissafin.

Sai a lokacin hawaye ya zubo mata. "Ni na ɗauka fastocin da suka kawo labari sun yi. Ashe ɗana yana kwance a ƙasar mutane shekara ashirin da biyar, ba wanda ya ce musu sannu da aiki? Kai, Alfred, kun bar ni da kunya."

Na ce, "Mama, mutanen nan baje shi za su yi fa! Gobe ba ranar godiya ba ce. Zan gaya musu akwai human rights, zan ce za mu ɗauki lauya."

"Ba za ka ce komai ba. Bakinka da zafi, irin na babanka. Ka ce abokinka na Ghana yana jin yarensu? Kira shi. Shi zai faɗa musu maganata."

Malam Dramani bai yi gardama ba. Ya ce dama yana son ganin 'yarsa Sadiatu a Sparkhill, zai haɗa biyu. Washegari ya iso cikin farar jallabiya da ledar burodi daga Stratford Road, ya gaishe da Mama har ƙasa, ita kuma ta ce masa "Baban Sadiatu" kamar sun shekara da sanin juna. Madam Birgit ta zo a bas, ta cire takalmin dajin nan a ƙofa ba wanda ya ce mata. Mama ta ɗaura zanenta na zumuntar mata, wanda ba ta sawa sai babbar rana. Aka ɗora kwamfuta a kan teburin falo. Ni aka tura ni kujerar gefe kamar yaron da ya yi laifi.

Reinhard ya fito a allon. Mutum ne mai jiki, ga tabarau, fuskarsa a ɗaure. Daga ganinsa ya shirya wa rigima, don ga wani littafi mai kauri a gabansa ya sa yatsa a ciki. Madam Birgit ta gabatar da mu, ta ja kujerarta baya.

Mama ta zame daga kujera ta durƙusa a kan kafet, gwiwoyin nan da ke hana ta hawa bene. Reinhard ya rikice ya miƙe tsaye, sai cikinsa kawai muke gani a allo. Madam Birgit ta ce masa ya zauna, gaisuwa ce.

Mama ta ce, "Baban Sadiatu, ka ce masa ni ce uwar Davou. Ka ce na zo a makare, ya yafe mini. Ɗana ya zo garinsu baƙo, ya mutu ba uwa ba uba a kusa. Ba su jefar da shi ba. Sun wanke shi, sun haƙa masa, sun ba shi ƙasarsu, sun rubuta sunansa. Abin da ya kamata hannuna ya yi, nasu ya yi. Ka ce a wurinmu wanda ya binne maka naka ya zama danginka. Ka ce na gode wa mai haƙa, na gode wa mai share wurin, na gode wa masu garin duka. Allah ya binne nasu da mutunci."

Malam Dramani yana juyawa a hankali, inda ya maƙale Madam Birgit ta ɗora masa kalma. Ni ina jira Mama ta kai ga roƙon. Sai na ji ta ce, "Shi ke nan maganata."

Shi ke nan? Na buɗe baki, Chundung ta take mini ƙafa da ƙarfin da na san ba za ta yi wa marar lafiya ba.

Reinhard ya cire yatsansa daga littafin. Ya cire tabarau ya goge. Ya yi magana a hankali, Malam Dramani ya juya mana: ya ce a duk shekarunsa a aikin nan an zage shi, an kai shi ƙara, an kawo masa furanni a madadin wani, amma ba a taɓa durƙusa masa ba. Sannan ya tambaya ko Mama ta taɓa ganin kabarin. Aka ce a'a. Ya ce ofishinsa a cikin maƙabartar yake, zai iya fita da waya yanzu ya nuna mata.

Mama ta kau da kai ta rufe ido da gefen zane. "A'a. Ka ce masa na gode, amma ba zan fara ganin ɗana a talabijin ba. In Allah ya yarda in je da ƙafata, to. In bai yarda ba, na riga na gode."

Reinhard ya tambayi abin da ya hana ta zuwa, Chundung ta yi bayanin fasfo da biza. Ya gyaɗa kai. Ya ce ba zai yi mana alkawarin ƙarya ba: dokar garinsu ba ta ba da ƙarin shekaru ga kabarin layi, kuma ranar baje layin ba shi kaɗai ya sa ta ba, akwai kwamitin majalisar gari. Za su zauna nan ba da daɗewa ba, zai kai musu maganar Mama yadda ta faɗe ta.

Na matsa kusa da Madam Birgit na raɗa mata, "Ki ɗan matsa masa mana. Kalma ɗaya daga gare ki."

Ta ce, "Alfred, mahaifiyarka ta gama aikin. Kada mu ɓata."

Bayan an kashe kwamfuta Mama ta hana kowa tafiya sai an ci gwate. Madam Birgit ta ci kwano biyu tana share gumi, Malam Dramani yana tsokanata wai yau an ga ranar da aka kashe rediyon Old Trafford. Ni ban iya cin komai ba. A raina na ce mun samu dama guda, mun kashe ta a gaisuwa.

Kwanakin da suka biyo baya ban ji daɗinsu ba. Ina tuƙi ina duba waya a kowace danja. Na ɗauki wani fasinja zuwa filin jirgi na wuce mahaɗar, ya yi ta masifa, ban ma tanka masa ba, abin da ya sa abokan aikina suka ce lallai ba ni da lafiya. Mama kuwa ko a jikinta. Ta sa Chundung ta kai ta ɗaukar hoton fasfo, ta fito da buhun accan da ta zo da shi daga Jos, wanda ko mu ba ta bari mu taɓa, ta fara tsince shi.

Ina layin jiran fasinja a Piccadilly Malam Dramani ya kira ni. "Reinhard ya bugo. Ka ja birki ka zauna da kyau." Kwamitin ya yarda a bar layin har ƙarshen damina tasu, wajen Satumba. Ba su ƙara shekaru ba, dokarsu na nan yadda take. Amma ranar tasu ce, su suka sa ta, su kuma suka ɗaga ta. Ya ce wata 'yar majalisa ta tambaya ko wani daga sama ne ya sa baki, Reinhard ya ce a'a, wata tsohuwa ce ta gode musu. Ba wanda ya ƙi.

Na kifa kaina a kan sitiyari na yi kuka kamar yaro, har na baya suka fara ham. Na kira Madam Birgit, ina ta jero godiya, Turanci da Hausa a haɗe. Ta ce ita lambar waya kawai ta nemo. Na ce Madam, ni na yi kusan wata guda ina neman wanda zai yi tsawa, ban nemi lambar ba.

A watan Yuli muka tafi, ni da Mama da Malam Dramani, wanda ya ɗauki hutunsa na shekara don ya zama bakinmu. Madam Birgit ta tarye mu a tashar jirgin ƙasa da takalmin nan nata. Maƙabartar kamar lambu take, ga itatuwa, ga butocin ban ruwa a rataye. Reinhard yana jira a ƙofa da kwat, tare da ma'aikatansa, da wani tsoho mai sanda. Ya ce wannan ne yake haƙa a shekarun da aka binne Davou, ya yi ritaya, amma da ya ji labari ya ce zai zo.

Tsohon ya riƙe hularsa a hannu ya ce wani abu. Malam Dramani ya juya wa Mama. "Ya ce ki yi haƙuri, ya binne mutane da yawa, ba zai ce ya tuna ɗanki ba."

Mama ta kama hannunsa da nata biyu. "Ka ce masa ba komai. Tunawa aikina ne. Shi ya yi nasa." Ta buɗe jaka ta ba shi ƙullin acca, ta ba kowane ma'aikaci nasa, ta ba Reinhard, ta ba Madam Birgit. Suka tsaya riƙe da ƙulli ba su san abin da ake yi da shi ba, Malam Dramani yana ta fama da bayanin yadda ake dafawa.

Sannan aka kai mu layin. Duk fili a kewaye an baje, ciyawa ta fito, sai wannan layi ɗaya ya rage, ƙananan duwatsu a kwance a jere. Saboda Davou an bar maƙwabtansa duka, mutanen da su ma ba wanda ya zo musu. Mama ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana cewa, "Sannunku, sannunku da zama da shi," har ta iso kan nasa.

Ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafafu kamar yadda take zama a tsakar gida a Bukuru. Ta shafa sunan da tafin hannu. Ta yi masa magana da Berom, a hankali, ta daɗe. Ta gaya masa babanmu ya rasu, ta gaya masa Chundung ta haihu, ta gaya masa har yanzu Alfred bai koyi yin shiru ba. Muka ja baya muka bar su. Ban taɓa jin godiya ta cika mini ƙirji irin ta ranar ba.

Da ta gama ta miƙo hannu na tashe ta. Reinhard ya matso ya ce idan lokacin ya yi, dutsen namu ne, za mu iya ɗauka. Ya ƙara da cewa ƙasusuwa ba a fitar da su, a nan ƙasa suke zama. Yana maganar yana kallon takalminsa, kamar mai neman gafara.

Zuciyata ta sake motsawa. Na ce, "Mama, tunda suna jin maganarki, ki roƙe su su bar shi gaba ɗaya. Yanzu ne lokacin."

Mama ta kakkaɓe zanenta. Ba ta ko kalle ni ba.

"Baban Sadiatu, ka ce masa dutsen zan tafi da shi Erdington, in ajiye inda zan gan shi da safe. Wurin kuwa nasu ne, aro suka ba mu, kuma sun jira ni har na zo. Akwai wata uwa a wani wuri da ɗanta zai mutu a garin nan ba kowa nasa. Su ba shi wurin. Su kwantar da shi a hankali, kamar yadda suka yi wa nawa."

Malam Dramani ya buɗe baki zai juya, muryarsa ta ƙi fita. Madam Birgit ta jira shi, don ba ta ji Hausar ba. Duk suka juyo suna kallona.

Ni na faɗa da Turanci, kalma bayan kalma, ban ƙara ko ɗaya tawa ba.